Ƙafar Gaban Babur Ɗin Mahaifina Da Ciwon "Cire Ka Sa Sabo"

Yau ina roƙon mai karatu ya ɗan yi haƙuri da ni, domin zancen da na kawo na baƙin mai ne da giris, irin wanda in ka matso kusa da shi da farar riga sai ka koma gida ka sha faɗa. Zancen ƙafar gaban wani tsohon babur ne, da yadda aka gyara ta a gindin wata bishiyar bedi a Jibiya. Na daɗe ina son in rubuta shi, saboda tun ranar da abin ya faru wani tunani ya tsaya mani a rai, cewa mu mutanen yanzu mun ƙware ƙwarai wajen "cire ka sa sabo", amma sanin abin da ya lalace da yadda ake gyara shi yana neman ya kuɓuce mana. Kuma in ana maganar babur, wannan sakaci ba a aljihu kaɗai yake tsayawa ba, har rai yana ci.

Bari in fara da babur ɗin kansa. Honda CG125 ne. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya saye shi a 1978 yana malamin firamare, shekara biyu bayan an soma shirin UPE na ilmi kyauta, lokacin da ɗumin kuɗin Udoji bai gama hucewa a jikin ma'aikata ba. A wancan zamanin Katsina tana cikin Jihar Kaduna, sai a 1987 aka ba mu tamu. A kan babur ɗin nan na fara ganin Maraɗi, ina zaune bisa tanki na riƙe ƙarfen kai, iska tana sa ni hawaye. Da tsoho ya rasu aka zo rabon gado, babu wanda ya yi marmarinsa, sai ya faɗo a kasona. Na jingine shi a zaure na rufe da buhu, ya yi shekaru kaji suna kwana a ƙarƙashinsa.

Shi wannan samfuri yana da tarihi. Kamfanin Honda ya fito da shi a 1975, bayan ma'aikatansa sun zagaya ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake wahalar da babura: a ɗora mutum uku ko huɗu da kaya, a bi hanyar ƙura, a ƙi sauya baƙin mai sai ya zama kamar kwalta. Sai suka ƙera inji mai sauƙin sha'ani wanda zai jure wa wannan azaba, kuma kowane bakanike na ƙauye zai iya kwance shi ya mayar. Shi ya sa da yawa daga cikin baburan China da suka cika mana tituna daga baya, in ka duba injinsu, kwaikwayon na CG ne. Wato tun daga masana'anta an yi shi ne domin a riƙa gyara shi.

Wanda bai san Jibiya ba, gari ne a bakin iyakar Nijeriya da Nijar, kusan tsakiyar hanya tsakanin Katsina da Maraɗi. In ka wuce shingen kwastan na Magama, sai Ɗan Isa, ka shiga ƙasar Nijar ke nan. Ranar Lahadi kasuwa take ci, a haɗu da mai naira da mai sefa, kuma in ka tona za ka tarar ɗan wa da ɗan ƙane ne. A irin wannan wuri babur shi ne ƙafar talaka. Shi ke kai mara lafiya asibiti daga ƙauyen da mota ba ta shiga, shi ke ɗauko buhun gero, shi ke ciyar da ɗan kabu-kabu da iyalinsa. Mun kuma ga ranar da ya zama abin zargi, domin 'yan bindiga ma shi suke hawa. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana goyon mutum biyu a babur, ta hana sayar da fetur a jarka. Duk da haka mutane ba su rabu da shi ba, don ba su da abin da zai maye gurbinsa.

Abin da ya sa na tuna da gadona shi ne cire tallafin mai da aka yi a ranar 29 ga Mayu, 2023. Mota ta fi ƙarfina. Ana cikin haka sojoji suka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, ba a sake buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024. Mun riga mun ɗanɗana irin wannan a rufewar 2019, wadda mu a Jibiya ba a buɗe mana ba sai a 2022. Kasuwa ta mutu, naira ta faɗi, duk wani abu da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada. Sai na yaye buhun nan, aka wanke kafireto, aka sa sabon fulogi da taya, aka zuba mai. Bugu uku ya tashi. Wallahi da na ji ƙarar nan sai da idona ya kawo ruwa.

Bayan kwana kaɗan na soma jin ƙafar gaba tana wani gurnani, kan babur yana ɗan rawa in na yi gudu. Na kai wa wani matashin bakanike a bakin titi. Yaro ne mai ladabi da zafin nama, ba ni da abin faɗi a kan halinsa. Ya ce boris ne. Cikin minti ashirin ya fidda tsofaffin da guduma, ya buga sababbi, ya ɗaure, na biya na tafi ina yaba saurinsa. Ba a yi mako uku ba gurnanin ya dawo, har ya fi na da. Rannan ina dawowa daga Magama da ɗana ƙarami a baya, wata akuya ta gitta, na kama birkin gaba, sai kan babur ya fizge gefe guda kamar an ja shi da igiya. Allah Ya kiyaye muka zube a cikin rairayi, yaron ya kuje gwiwa, ni kuma na yi kwana biyu ban ɗaga kafaɗa ba. Da a kan kwalta ne ga babbar mota a baya, da wani labarin ake yi.

Na koma wurin yaron. Ya girgiza ƙafar, ya ce, "Alhaji, hob ɗin ne ya mutu. Wannan tsohon yayi ne, ba a samun kayansa. A sayo ƙafa sukutum ta ɗan China a ɗaura, ka huta." Ƙanena da ya ji labari cewa ya yi, "Yaya, don Allah ka kira 'yan jari-bola su auna shi a kilo, kafin ya kashe mana kai." Maigidana kuwa, wato uwar 'ya'yana, ta ce ɗanta ya hau na ƙarshe. Ban ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Wani maƙwabcina ne ya ce in gwada wani dattijo da ke zama a bayan kasuwa. Ba shi da shago, ba shi da allo. Bishiyar bedi ce, da benci, da akwatin ƙarfe, da gwangwanaye cike da tsofaffin notuna. Ya yi koyon aiki a Maraɗi zamanin ana yayin mobilet, ya ƙarasa a Katsina a kan Honda da Yamaha da Suzuki. Yana ganin babur ɗin ya miƙe tsaye, ya shafa tankin ya ce, "Wanga ai na Malam ne. Kai ɗan Malam ne?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya yi wa mahaifina addu'a, sannan ya ce in kawo dutse mu ɗaga gaban.

Abin da na gani daga nan shi ne dalilin wannan rubutu, don haka zan faɗe shi dalla-dalla.

Bai taɓa sifana ba sai da ya yi kusan minti goma yana bincike. Ya kafa babur a kan babban jak, ƙafar gaba tana lilo a sama. Ya kama taya da hannu biyu ya girgiza ta hagu da dama, ta yi ƙwas-ƙwas. Ya kama ƙafafun shokozoba ya ja gaba ya tura baya, shiru. Ya ce, "Ka ji? Wuya lafiya lau. Da boris ɗin wuya ne, nan za ka ji shi." Ya juya ƙafar ya kara kunne. Ya ɗauki sukundireba ya bi wayoyin ƙafar, su talatin da shida, yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya kamar mai gwada tukwane a kasuwa. Mai ƙarfi ta yi ƙara siririya, mai sako-sako ta yi bif. Ya sami uku da suka saki, ya ɗaura masu zare don ya gane su. Ya ce abu uku ke sa kan babur rawa irin wannan, wuya, ko wayoyi, ko hob, kuma wanda bai tantance ba kafin ya kwance, caca yake yi da kuɗin mutane.

Sannan ya cire wayar birki da ta mita, ya zare ɗan fin ɗin da ke kulle noti, ya kwance notin, ya zaro dogon ƙarfen da ke ratsa tsakiyar ƙafa. Ƙafa ta sauko. Shi hob, ga wanda bai sani ba, shi ne cibiyar ƙafar, wannan kaskon alminiyam da wayoyi ke kamawa. A cikinsa akwai boris biyu, ɗaya a kowane gefe, da robar da ke hana ƙura shiga, da gangar birki inda takalman birki biyu ke buɗewa su kama. Baba ya ɗaga hob ɗin ya leƙa ramin ta hasken rana. Sai ya sauke ya dube ni.

"Ɗan Malam, ina bututun?"

Na ce, "Wane bututu, Baba?"

Ashe tsakanin boris ɗin nan biyu akwai wani ɗan guntun bututun ƙarfe, tsawonsa bai wuce yatsa ba. Aikinsa shi ne ya tokare zoben ciki na boris biyu, ta yadda in aka ɗaure noti, ƙarfin ɗaurin zai bi ta cikinsa ya wuce. In babu shi, duk juyin da ka yi wa sifana matse 'ya'yan boris kake yi ta gefe, inda ba a yi su don ɗaukar nauyi ba. Ko boris ɗin da aka fi ji da shi a duniya ka sa, kwanansa ƙidayayye ne. Yaron nan da ya fidda tsofaffin, bututun ya faɗo ƙasa, ya ga kamar tarkace ne, ya bar shi a nan. Hob bai mutu ba. Ɗan ƙarfen da bai kai kuɗin kofin shayi ba ne ya kusa mayar da 'ya'yana marayu.

Baba ya zazzage gwangwani biyu a kan buhu, ya tona, ya fito da bututu uku, ya auna zurfin ramin da tsinke, ya zaɓi wanda ya yi daidai. Ya ce da bai samu ba, da sai an kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe a Katsina su yanko wani, domin in ya gaza ko da kaurin farce ne, matsalar tana nan.

Ya aiki jikansa ya karɓo tafasasshen ruwa wurin mai shayi, ya kwarara a kan hob ɗin. Na tambaye shi dalili. Ya ce alminiyam ya fi baƙin ƙarfe saurin buɗewa in ya ji zafi, don haka ramin zai saki boris ba tare da an yi kokawa ba. Daga baya na karanta cewa buɗewar tasa ta kai kusan ninki biyu. Tsohon da bai yi aji ɗaya a boko ba yana aiki da wannan ilmi shekara da shekaru. Ya sa dogon ƙarfe ta ɗaya gefen yana bugawa a hankali, nan kaɗan, can kaɗan, yana zagayawa, har boris ya fito a miƙe. Ya wanke ramin da kananzir, ya shafa da yatsa yana neman kaushi ko tsaga. Ya ce an yi sa'a mazaunin bai cinye ba. In boris ya daɗe yana juyawa a cikin mazauninsa, ramin yana faɗaɗa, kuma a nan ne wasu ke yanko gwangwanin madara su cusa, ko su tsattsaga wurin da ƙusa don ya kama. Ya ce wannan gyaran gangar Abzinawa ne, ranar da zai saki ba ya sallama.

Da muka zo sayen sababbi, ya goge gefen tsohon ya nuna mani lamba: 6301. Ya ce in je kowane shago in faɗi lambar nan kawai, kada in ce na Honda, kada in ce na tsohon yayi. Lambar ma'auni ce da duk masana'antun duniya suka yarda da ita: ramin ciki milimita 12, faɗin waje 37, kauri 12. Mu mu ce boris, mutanen Maraɗi su ce rulma, amma lambar ɗaya ce, ko a Japan aka yi shi ko a Jamus. Wato zancen "ba a samun kayansa" bai taso ba. Abin da ya gargaɗe ni a kai shi ne jabu. Manyan sunaye irin su SKF da NSK da NTN duk ana buga su a kwalin ƙarya. Na kawo guda huɗu bisa sharaɗin zan mayar da biyu. Ya sa kowanne a yatsa ya juya kusa da kunne, ya duba rubutun, ya ware biyu ya ce in mayar. Araha ba ta ado.

Wajen sakawa, ya ɗora tsohon boris a kan sabon yana bugun zoben waje kaɗai, domin in ka bugi na ciki, ka riga ka yi wa 'ya'yan tabo tun kafin su fara aiki. Ya sa na farko, ya zura bututu, ya sa na biyu. Giris kaɗan ya shafa. Ya ce mai cika giris yana ganin alheri yake yi, alhali in ya yi zafi narkewa zai yi ya gangara kan birki.

Sai kuma abin da ban kawo shi dominsa ba. Ya ɗauki faifan birkin, ya sa bakin sukundireba a gefen takalmi ɗaya ya ɗan taɓa. Fatar da ke manne a kai ta ɓanɓaro kamar ɓawon rogo. Shekarun da babur ya yi a zaure, damshi ya shiga ƙarƙashinta ya cinye gam ɗin. Ya ce, "Wagga ita ta fi ba ni tsoro. In ta saki kana gudu, sai ta cushe cikin ganga, ƙafa ta tsaya cik, kai kuma ka wuce ta sama." Na kai baki zan hure ƙurar da ke ciki, ya buge mani hannu, ya ce ƙurar tsohon birki guba ce ga huhu, da jiƙaƙƙen tsumma ake share ta. Wannan ma gaskiya ne, domin tsofaffin takalman birki da asbesto ake yin su. Muka sa sababbi. Ya mirgina dogon ƙarfen tsakiya a kan gilashi don ya ga ko ya lanƙwashe, ya ɗaure wayoyin nan uku, ya daidaita haƙoran mita, ya tabbatar tsagar faifan birki ta shiga cikin ɗan tudun da ke jikin shokozoba. Ya sa ni na riƙe birki yana ɗaure noti don takalman su zauna tsakiya. Ƙarshe ya sa sabon fin. Ya ce ƙusa ba fin ba ce.

Tun hantsi muke har aka kira la'asar. Duka abin da na kashe, har da ladansa, bai kai rabin kuɗin sabuwar ƙafa ba. Har yau ina hawa, gurnani bai dawo ba.

To, mai karatu, ga ra'ayina. Ban zargi yaron nan na farko ba, kuma ba zan so a zarge shi ba. Abin da aka koya masa ya yi. Ya tashi a zamanin da baburan Jincheng da ire-irensu, sannan Bajaj Boxer na Indiya, suka cika ƙasa, kayansu suna zuwa daga Legas da Nnewi da Kano a kwali-kwali, da arha. A irin wannan kasuwa, wanda ya tsaya bincike asara yake yi. Yaro ya yi wata shida a gareji, ya iya kwance noti, ya sayi sifana biyar, ya kafa rumfa. Maigidansa ma haka ya koya. Mu kuma masu babura mu ne muka lalata su, domin mun fi son wanda zai sallame mu cikin minti ashirin. In bakanike ya ce ka dawo da yamma, sai mu ce bai iya ba. In ya nemi ladan bincike, sai mu ce ai bai sa komai sabo ba, kuɗin me za mu ba shi? Mun mayar da ilmi kyauta, ƙarfe kaɗai muke biya. To wa zai ɓata ƙuruciyarsa yana neman abin da ba a saye?

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. Ɗan kabu-kabu da zai kai balas da yamma ba shi da yini guda na zama a gindin bedi. A wurinsa sabuwar ƙafa cikin rabin awa ta fi arha, ko da ta fi tsada. Na yarda. Wasu kuma za su ce son tsohon abu ne kawai ke damuna, don na mahaifina ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan ma. Kuma ba kowane abu ake gyarawa ba. Baba da kansa ya ce da ya ga tsaga a jikin hob ɗin, ko gangar birki ta cinye ta wuce iyaka, da ba zai taɓa shi ba, kuma duk wanda ya kai fasasshen hob wurin mai walda ya ɗaura a gaba, ya sayi likkafaninsa. Boris ɗin da aka fidda da guduma ba a mayar da shi. Takalmin birki ba a liƙa shi da gam ɗin kanti.

Amma ku lura, wanda ya san gyara shi ne ya san lokacin da ya kamata a sauya. Wanda bai sani ba, sauyawar ma ba zai yi ta daidai ba. Yaron nan ai sabon boris ya sa mani, sabon ne ya kusa kashe ni. Da na bi shawararsa ta biyu na sayi sabuwar ƙafa, wa ya tabbatar mani faifan birkinta zai zauna daidai a shokozobar da aka ƙera a 1978? Sabon kaya a hannun wanda bai fahimci aikinsa ba bai fi tsoho aminci ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Sannan mu mutanen bakin iyaka ya kamata mu fi kowa gane wannan. Sau nawa muka kwana da hanya a buɗe muka tashi an rufe? Dattawa suna tuna rufewar 1984, mu mun ga ta 2019 da ta 2023. Arhar kayan waje da muka dogara a kanta, faɗuwar naira ta tafi da ita. Abin da ba a iya tsarewa a shinge, kuma canjin kuɗi ba ya taɓa shi, shi ne abin da ke cikin kan irin su Baba. Ga shi kuwa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana tafiya da gwangwanayensa. Na tambaye shi yara nawa yake koya wa. Ya nuna jikan nan nasa guda, ya ce sauran in sun zo ba sa wuce wata biyu, sai su ce aikinsa ba ya kawo kuɗi.

Akwai wani abu kuma da ya shafi ƙafar gaba musamman. Ku duba baburan haya a garuruwanmu, za ku ga da yawa an kwance wayar birkin gaba, ko an bar ta tana reto. In ka tambaya sai a ce birkin gaba kayar da mutum yake yi a rairayi. Alhali a kan kwalta shi ke ɗaukar kaso mafi girma na tsayar da babur, saboda nauyi gaba yake komawa in an taka birki. Sau da yawa abin da ke sa shi fizga shi ne boris ya cinye, ko takalmi ya sha giris, ko ganga ta zama ƙwai. Maimakon a gyara sai a kashe shi gaba ɗaya, a ɗauki matan mutane da 'ya'yansu da birki guda. In ƙafar baya ta ba ka matsala, sau da yawa kana iya lallaɓawa ka tsaya. Ta gaba ba ta ba da wannan dama.

Don haka ina da roƙo kashi uku. Ga masu babura: ko sau ɗaya a wata ka kafa shi a jak ka girgiza ƙafar gaba, ka juya ta ka saurara. In ana yi maka aiki ka tsaya a wurin, ka ƙirga abin da aka ciro, ka tabbatar an mayar da shi. Ka nemi a nuna maka abin da ya lalace. Kuma in ka sami bakanike mai bincike kafin ya kwance, ka biya shi ladan bincikensa da daɗin rai, ko da bai sa ko noti ɗaya sabo ba. Ga ƙungiyoyin makanikai irin su NATA da shugabannin 'yan kabu-kabu: kada a bar yaro ya kafa rumfa sai wani dattijo ya gwada shi a kan birki da ƙafa, tunda a nan rai yake. Ga hukuma kuma: muna da cibiyar koyar da sana'o'i ta matasa a Katsina, muna da Kwalejin Hassan Usman. Me zai hana a ɗauko irin waɗannan dattawa, ko ba su da takarda, a ba su alawus su koyar? Hukumar SON kuma ta leƙa shagunan kayan babura, domin jabun boris da jabun magani duk hanya ɗaya suke kai mutum.

Da zan tafi rannan, Baba ya tsinto bututu biyun da suka rage ya mayar cikin gwangwani, ya rufe. Na ce, "Baba, waɗannan kuma na wa?" Ya ce, "Na wanda za a yar wa da nashi gobe." Na ba shi abin da ya nema, na ƙara masa, ya mayar mani da ƙarin ya ce in saya wa yaron da ya kuje gwiwa alewa.

Satin da ya biyo baya na koma wurin matashin nan, ba da faɗa ba. Na zana masa bututun a ƙasa na gaya masa aikinsa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi Alhaji ban sani ba, na sha zubar da su." Na ce ya je ya gaida Baba. An ce mani ya je sau biyu. Ko ya ci gaba da zuwa, Allah masani. Uwar 'ya'yana dai har yanzu ba ta ɗage dokarta ba, ni kaɗai nake hawa.

Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya jiƙan iyayenmu, Ya ba masu sana'a haƙurin koyo. Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, musamman 'yan'uwa makanikai, ina sauraro.